Ka Je Gidan Inna Kande da Yunwa

Dogarawa,
Sabon Gari, Zariya.

Zuwa ga autana, Bulus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a sabon ɗakinka na Bomo. Ya tsare fitarka da shigarka, ya haɗa ka da maƙwabtan kirki, ya sa albarka a aikin koyarwar da ka samu, ya kuma kiyaye ka a kan acaɓan nan na Samaru da kuke hawa kamar kun ajiye wani ran a gida. Babanka yana gaishe ka. Ya ce gudumar da ka ɗauka don kafa labule aro ce, ba gado ba.

Na san sai ka yi dariya in ka ga takarda. Za ka ce daga nan zuwa Samaru ai ba tafiya ba ce, ga kuma waya a aljihunka, me ya kai Mama ga wahalar rubutu sai ka ce Legas ka tafi? To, ni na haife ka. In na zaunar da kai, "to Mama, to Mama" za ka yi ta jera mini, idonka na kan ƙofa. In na kira ka a waya, kafin in gama tambayar lafiyarka kati ya ƙare. Takarda kuwa tana da haƙuri, in ka ajiye ta za ta jira ka. Na saka ta cikin tsohuwar langar nan mai shuɗin murfi da na cusa a ƙasan jakarka. Kada ka yi tsaki ka ce na haɗa ka da tarkace, in ka kai ƙarshe za ka san aikinta.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ai yanzu ka baro shi. Maganar Lahadin da ta wuce ce, ranar da na bi ka sujada a sabuwar ikilisiyarku.

Na ji daɗin abin da na gani, wannan ba zan ɓoye ba. Ajin firamare ne aka ba ku aro, bencin yara, dattawa zaune gwiwa ta kusa taɓa haɓa, amma waƙa kamar za ta ɗaga kwanon rufi. Ga ɗalibai a gaba da jitarsu suna cakuɗa Hausa da Turanci, ga malamai da ma'aikata da matansu, ga kuma manoman ƙauyukan bayan Bomo a can baya, waɗanda suka karɓi bangaskiya bara da bana. Da ka miƙe a matsayinka na sakatare, riga a goge, takarda a hannu, sai da na taɓa matar da ke gefena na ce mata, "Ɗana ne wannan."

Sannan ka yi sanarwar Kirsimeti, kuma ban manta yadda ka faɗa ba. Ka ce, "Game da abincin ranar, kwamiti ya gama shiri. Matan malamai da 'yan'uwa ɗalibai za su dafa shinkafa da kaji. Iyayenmu na ƙauye, kada ku wahalar da kanku, kada kowa ya kawo komai. Ku dai ku zo, ku ne manyan baƙinmu."

Na gaba suka tafa. Kai ma ka zauna kana murmushi, kana jin ka yi abin kirki. Ni a baya nake zaune, tun ina amarya can na saba, kuma daga baya ne ake ganin ikilisiya da kyau. A bencinmu babu wanda ya tafa. Matar nan da na taɓa, na ga ta sa diddige ta ƙara tura wani abu ƙarƙashin benci.

Da aka tashi, kana can kuna shan hannu da su fasto, na bi ta waje. Na same ta a gindin dalbejiya tana ɗaure langa da tsohon ɗankwali. Ita ce Inna Kande, matar Baba Nomau, dattijon nan mai jar hula da ke zama kusa da taga.

Na ce, "Yaya, sannu da sujada. Me ake ɓoye mana a langa?"

Ta ce, "Af, maman Malam, ba abin kirki ba ne. Ɗan dambu ne. Na ce ko yaran makarantar nan za su taɓa in an tashi, tunda ba su da iyaye a kusa. Tun da muka fara zuwa nake kawowa. In na miƙa sai su ce sun gode, sun ƙoshi. Kajina ne dai ke ƙiba."

Na ce, "To, ni ban ƙoshi ba."

Na shimfiɗa gyalena muka zauna. Auta, dambu ne na tsakin masara, ya sha zogale da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, irin wanda rabona da shi tun innata tana da rai. Ina ci tana kallon hannuna, ta ga ko da gaske nake. Da ta ga na kai rabi sai bakinta ya buɗe.

Ta ce, "Tun damina na ware zakara don ranar Haihuwar nan. Na yi daddawa, na ajiye wake. Ita ce ta farko da za mu yi muna masu bi. Ɗazu da Malam ya gama magana, maigida ya juyo ya dube ni. Da ma yana faɗa mini, ya ce mutanen nan suna sonmu amma ba su ɗauke mu nasu ba. Yanzu muna fitowa ya ce in mu baƙi ne a nan, gara mu je inda mu 'yan gida ne. Wai can garin yayyensa za mu yi hutun. Kin kuwa san can, randar giya na jiransa, kuma in suka riƙe shi ba za su sake shi ba."

Na tambaye ta sauran gidajen fa. Ta ce ai Baba Nomau suka biyo suka shigo, shi kuma za su bi su fita.

Ka ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kirsimeti ya matso, kuma in ba ka yi wani abu ba, za ku dafa shinkafarku ku jera kujeru, bencin baya ya kasance wayam. Ba mugunta ka yi ba, na sani. Tausayi ne, ka ga talakawa ne, ba ka so a ɗora musu nauyi. Amma akwai tausayin da ke korar mutum fiye da zagi, ni kuwa na san shi domin an taɓa yi mini.

Kun san ni 'yar Maguzawa ce, ban taɓa ɓoye muku ba. Babana yana da wurin tsafinsa a gindin tsamiya, innata kuwa babu mai dafa giya kamarta a duk ƙauyenmu. Babanka ya zo aikin rufin wata 'yar majami'a, ya gan ni ina kai wa ma'aikata ruwa, sai aikin da kowa ya ce ba zai daɗe ba ya ƙi ƙarewa. Aka yi mini baftisma, aka ɗaura aure, ya kawo ni Dogarawa. Lokacin ikilisiyarmu ta nan rumfar kwano ce, sabuwa fil kamar taku, kowa daga inda ya fito.

A nan na haɗu da Mama Rifkatu, wadda kowa ke kira Mama Nas saboda aikin jinya da take yi a asibiti. Kai ka san ta da furfura da sanda, ni na san ta da farin takalmi da agogo a ƙirji. Matar ɗaya daga cikin dattawa ce, kuma tun kakanninta masu bi ne. Matar nan ta ɗauke ni kamar ƙanwarta. Ta ba ni zani, ta ba ni ɗankwali, ta ba ni sabulu mai ƙamshi. Hannun nan da ke rubuta maka takarda, ita ta riƙe shi a kan allo har ya iya. Ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Ina sonta ƙwarai, in ta wuce har tafiyarta nake kwaikwayo.

Ba ni da abin da zan saka mata da shi sai abin da hannuna ya iya. Don haka kowace Lahadi bayan sujada sai in tuƙa tuwon dawa, in kaɗa miyar kuka da daddawar da innata ke aiko mini, in zaɓi tsokar da ta fi kyau in ɗora a kai, ko da ni da babanka ƙashi za mu tsotsa. In zuba a langar nan da ke gabanka, ita kaɗai ce mai murfi a kayan aurena, in kai mata da kaina. Washegari ta dawo mini a wanke tas, da sukari ko sabulu a ciki. In mun haɗu ta ce, "Ladi, miya ta yi daɗi, sannu da aiki." Ni kuma in wuni ina jin ni ma wata ce a garin nan.

Wata Lahadi na kai tuwo na juyo, sai na tuna na bar makullina a kan tabarmarta. Na koma ta ƙofar baya don ta fi kusa. Ina leƙawa na ga malmalar tuwona a kaskon agwagi, ko gutsira ba a yi ba, tsokar nan da na hana babanka tana bakin wata agwagwa. Mama Nas tana tsugune a bakin famfo tana wanke langar, ba ta gan ni ba. Daga baya na ji dalili. Matan ikilisiya sun yi ta faɗa a tsakaninsu cewa tukwanenmu na ƙauye sun dafa giya da naman tsafi, daddawar ma daga gidan tsafi take fitowa, ga kuma batun tsabta. Ba ta so ta ɓata mini rai ta ƙi karɓa, ba ta kuma iya ci ba. A ganinta dabara ta yi.

Ranar na gane cewa a idonsu ni hannu ɗaya gare ni, na karɓa. Duk zanin da ta ba ni sai na ji yana cizona a jiki. Wannan shi ne abu na farko da nake so ka riƙe. Mutumin da kullum kake ba shi, ba ka taɓa bari ya ba ka ba, ba ɗan'uwanka ba ne tukuna, komai yawan "ɗan'uwa" da kake kiransa a sujada. A wurinmu wanda ya ci tuwonka shi ne naka. Ko Ubangijinmu, ai ka fi ni sanin labarin, da ya haɗu da matar nan a bakin rijiya bai fara da ba ta komai ba, shi ya fara roƙon ruwan sha.

Abin da na yi bayan nan kuwa, nawa wautar ce, kuma ba zan shafa mata mai ba. Ban je na faɗa wa Mama Nas abin da na gani ba. Washegari langa ta dawo da sukari, na karɓa na ce na gode. Sai na daina zuwa sujada. In babanka ya tambaya in ce kaina ke ciwo. Amma kan da ke ciwo ranar Lahadi bai hana bakina aiki ranar Litinin ba. Duk matar ƙauyen da na haɗu da ita a wurin ɗiban ruwa sai na ba ta labarin agwagi, kuma kowace rana labarin na ƙara gishiri. Kafin damina ta yi nisa gidaje da dama sun janye. Wasu sun dawo daga baya. Akwai gidan da har yau ba su sake taka majami'a ba, jikokinsu nake gani a kasuwar Sabon Gari muna gaisawa, su ba su san komai ba.

Saboda haka in wani ya ɓata maka rai a ikilisiyar nan, kuma za a ɓata, tunda mutane ne ba mala'iku ba, ka taka ka je wurinsa. Kada ka kai wa abokin ɗakinka, kada ka kai wa 'yan ƙungiyar waƙa, kada ka mai da shi "abin addu'a" a gaban taro, wannan gulma ce da ta sa rigar Lahadi. Tsohuwar ikilisiya tana iya shanye gulma ta rayu. Sabuwa ba ta da wannan ƙarfin, mutum goma in biyu suka yi fushi kowa sai ya ji a jikinsa.

Su ma mutanen ikilisiya ba su kyauta ba a lokacin. Da suka ga ba na zuwa, saƙon gaisuwa suka riƙa ba babanka. Mama Nas har ƙwayoyin ciwon kai ta aiko mini a 'yar takarda. Ka ji fa, wata kyautar kuma! Kai da kake sakatare, in ka ga wuri ya zama wayam a benci, kada ka aika gaisuwa, ka kai ƙafarka. Kuma in mutumin ƙauye ya ce maka "ba komai", kada ka tashi. Ka gyara zama, domin maganar tana bayan "ba komai" ɗin.

Sai da aka fara girbi labarin agwagi ya zagaya ya isa kunnen mai agwagin. Wata rana da tsakar rana ina tsince wake na ji sallama. Na ɗaga kai, ga Mama Nas da farin takalminta, hannu biyu babu ko leda. Na shimfiɗa mata tabarma, muka gaisa, gaisuwar da ba ta wuce leɓe ba.

Ta ce, "Ladi, yau ban zo da komai ba. Daga aiki nake, tun safe ban sa komai a cikina ba. Akwai sauran tuwo?"

Na ce, "Abincinmu ai ba irin naku ba ne, Mama."

Ta ce, "Shi nake so."

Na shiga madafa zuciyata na tafasa. Na ɗumama tuwon jiya da miyar kuka. Sai idona ya faɗa kan kwalbar yajin innata, yajin da ko babanka sai ya yi shiri kafin ya taɓa. Shaiɗan bai sha wahala da ni ba ranar. Na cika hannu na watsa a miyar, na juya, na kawo mata, na koma gefe na naɗe hannu ina jiran in ga ta inda za ta gudu.

Ta wanke hannu, ta yi addu'a, ba ta nemi cokali ba. Lomar farko idonta ya kaɗa ya yi ja. Ta biyu gumi ya keto mata. Kafin ta kai rabi hawaye da majina sun haɗu, tana jan hanci tana shan iska ta baki, amma hannunta bai tsaya ba. Ta cinye tas, ta side kwanon da yatsa. Sannan ta ɗago da jajayen idanun nan ta ce, "Akwai ƙari?"

Auta, ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Ta jawo ni ta ce, "Na yi miki laifi, Ladi. Na ba ki duk abin da nake da shi, na hana ki ki ba ni naki. Ki yafe mini." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ba wa'azi, ba dogon bayani. Lahadi na zagayowa ina bencina. Batun yaji kuwa na haɗiye shi, ban faɗa mata ba.

Na ba ka wannan ne don ka san cewa in ka je neman shiri, ba lallai a tarbe ka da fara'a ba. Baba Nomau zai iya barinka a tsugune ya yi ta gyaran igiyar akuya kamar bai gan ka ba. Zai iya jefa maka magana mai zafi. Wannan yajinka ne, ka cinye shi. Kada ka ce ai kai da kyakkyawar niyya ka yi, ya sani. Wanda aka ɓata wa rai yakan so ya gwada ka ya ga ko zuwan naka na gaske ne.

Kada kuma ka ɗauka wanda aka taɓa yi wa ba ya yi wa wani. Bayan shekaru, ina shugabar zumuntar mata, kaina ya yi girma, sai wata 'yar kudu mai sayar da busasshen kifi a kasuwa ta fara zuwa wurinmu, Maman Cidi. Hausarta a karye, Turancinta na kasuwa. Ta kawo mini teba da wata miya da dodon koɗi a ciki. Na buɗe, na rufe, na fara waige-waigen inda zan kai ta. Ina tsaye da kwano a bakin ɗakin kaji sai na ji kamar an mare ni. Na koma ɗaki na zauna na ci, ina ci ina roƙon Allah ya riƙe mini cikina. Ya riƙe kuwa. Yau in na kwana biyu ban ci miyar ba ni ke aika mata. Abin da nake nufi, wannan karatun ba a gama shi. Inna Kande ma ranarta na zuwa, ranar da wata ɗaliba cikin masu jitar nan za ta miƙo mata shinkafar da ba ta nuna ba, ita ma dole ta ci ta sa albarka.

Yanzu ga abin da za ka yi, kuma na san za ka iya, domin ban haifi mai girman kai ba, mai gaggawa dai na haifa. Ka je gidansu cikin makon nan, kada ka jira Lahadi. Ka je kai kaɗai, kada ka kwashi kwamiti kamar masu zuwa karɓar haraji. Kada ka riƙe leda, ko burodi, ko sukari, na san hannunka zai yi ta ƙaiƙayi, ka sa shi a aljihu. Ka daidaita zuwanka da lokacin da suka dawo daga gona, kuma kada ka ci komai kafin ka tafi. Yunwar gaske nake nufi, tsohuwa tana gane cin kunya daga lomar farko.

In ka isa ka cire takalmi, ka tsuguna ka gaida Baba Nomau yadda ake gaida uba, ka tambayi gona da dabbobi da jikoki, kada ka yi sauri. Turancin nan da ke zamo maka a baki, ka bar shi a Samaru. In an kawo ruwa a moɗa ka sha, kada ka tsaya leƙen cikinsa. In an kawo abinci ka yi addu'a ka sa hannu. Kada wani ya rikita ka da zancen tukunyar da ta taɓa dafa kaza ko kaza. A irin tukunyar aka dafa abin da ya raini uwarka, ga ni kuwa ina shugabantar mata a gidan Allah. In cikinka ya murɗa, akwai jar kanwa a aljihun jakarka na gefe.

Sai ka ƙoshi sannan ka yi magana, kuma gajeriya. Ka ce, "Baba, na yi kuskure a sanarwa, ku yafe mini." Ka juya wurin Inna ka ce mata gaskiya, cewa duk cikin matan kwamiti babu wadda ta iya dambu irin nata, kuma Kirsimeti ba zai yi ba sai da shi. Ba daɗin baki ba ne, na ci, na shaida. Ka tambaye ta labarin zakaran da ta ware. Ka roƙi Baba Nomau ya zama shi zai tsaya a kan yanka da rabon nama, mutum ne da ya saba tsayawa a kan taro tun kafin a haife ka.

Ranar Lahadi kuma ka miƙe, da bakin nan da ya yi sanarwar farko, ka gyara ta a gaban kowa. Kada ka laɓe a bayan kwamiti. Ka ce kowane gida ya kawo abin da yake ci, mai shinkafa da shinkafarsa, mai tuwo da tuwonsa, mai fate da fatensa. In ranar ta zo kada a jera kuloli masu ƙyalli a kan tebur a tura langogi ƙarshen layi ko ƙasa. A cakuɗa su. Ka raɗa wa fasto ya fara sa hannu a langar ƙauye, domin inda hannunsa ya shiga nan na sauran za su bi. Ka kuma ja kunnen ɗaliban nan, kalmar "na ƙoshi" ta yi hutu ranar. Ai mun san su, ba su taɓa ƙoshi ba tun da suka zo Samaru.

Wasu za su yi gunaguni. Wata za ta ce an riga an tsara, wani zai ce ana mai da Kirsimeti bikin ƙauye. Ka saurare su da ladabi, su ma naka ne, kada garin jawo na baya ka ture na gaba. Amma kada ka ja da baya. Ikilisiyar da rabinta masu dafawa ne kullum, rabi kuma masu miƙa hannu, ba za ta kai ko'ina ba, ko da kun gina mata hasumiya.

Bari in ƙarasa maka labarin langar. Tun daga ranar yajin nan ba ta huta ba, tana zuwa gidan Mama Nas da tuwo, tana dawowa da abin da ita ma ta dafa. Ranar da zan haife ka, Mama Nas ce ta karɓe ka, kuma a langar nan ta kawo mini farfesu. Tsagar da ke gefen murfin yayarka ce ta yi ta, ranar da ta yar da langar a hanya. Haka muka yi ta yi har muka tsufa tare.

A ciwonta na ƙarshe, kana makaranta lokacin, cikinta ya daina karɓar komai. 'Ya'yanta suka cika mata tebur da kayan gwangwani daga Kaduna, ko kallo ba su ishe ta ba. Ta ce, "Ku kira mini Ladi." Na tuƙa tuwo mai laushi, na kaɗa kuka ba ko ƙwayar barkono, na kai. Na ɗaga kanta na ba ta da hannuna. Ta haɗiyi kaɗan, ta dube ni, sai na ga bakinta na motsin dariya.

Ta ce, "Ladi, yau kin yi mini rowar yaji. Ran nan ai hannu kika cika."

Ashe ta sani. Tun daga lomar farko ta sani, ta cinye, ta nemi ƙari, ta kuma riƙe bakinta duk shekarun nan. Muka yi ta dariya ni da ita, 'ya'yanta na kallonmu ba su san dalili ba. Tuwon nan shi ne abu na ƙarshe da ta ci a duniya. Har yau in na tuna ta sai na yi kewarta, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Tun da aka kawo ni garin nan ban taɓa aika kwano gidan mutum wayam ba, ka san halina, ko ƙwayar gyaɗa ce sai na jefa. Yau na yi, kuma da gangan. In ka cire takardar nan babu abin da ya rage a langar. Ka ɗauke ta haka ka kai wa Inna Kande. Ka ce mata mamanka tana gaishe ta, ta ce tun ran nan dambun bai bar bakinta ba, don Allah a sam mata. Ka faɗa mata kuma ranar Kirsimeti ni da babanka a Bomo za mu yi sujada, a bencin baya, kuma ba zan zo da ko cokali ba, ita na dogara da ita.

Allah ya tsare ka, Auta. Ya ba ka ƙafa mai zuwa gidajen mutane da ciki mai karɓar abincinsu. Ya riƙe Baba Nomau da gidansa da duk waɗanda suka biyo shi. Ya sa 'yar ikilisiyarku ta yi saiwa, ya kiyaye ku daga rabuwa, ya kai mu ranar Haihuwa lafiya, mu da ku gaba ɗaya. Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai.

Ka ci naka a can. Nawa kuma ina jira, kada langar nan ta dawo mini wayam.

Ni ce mamanka,
Ladi.